Waƙar Arzika ba Sunan Arzika

Sunana Badaru. In ka taɓa shiga motar haya daga Bodinga zuwa Shagari ka ji wata waƙa da ba ka taɓa ji a rediyo ba, to daga rumfata ta fito. Rumfar tana bakin tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai. Aikina cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ba wata babbar sana'a ba ce, amma Allah ya ba ni kunne, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Ka san yadda mai tumatir ke ƙara wa mutum biyu-uku a kan kashi bayan an gama ciniki. Haka nake yi da waƙa. Direba zai ce in cika masa memori da waƙoƙin da ake yayi, in cika, daga ƙarshe in ɗora masa gyara: waƙa biyu ko uku na mawaƙan da ba wanda ya sani. Masu gurmi, masu kalangun ƙauye, tsofaffin mata masu waƙar daka. Ni ke bin bukukuwa da wayata ina ɗauko muryarsu. Bayan kwana biyu direban zai dawo ya tambaye ni mai waƙar gyaran nan, in faɗa masa suna da ƙauye. Ta haka mutum huɗu ko biyar suka samu ana kiransu biki. Ba su ba ni komai ba, ban kuma nema ba. Abin da nake so kawai a zo a tambaye ni.

Sai Zayyanu ya shigo cikin lamarin. Taubashina ne, ɗan gwaggona, tela ne a Shagari. Kullum bayan la'asar akwai majalisar karta a ƙofar shagonsa. Ba caca suke yi ba, wanda aka ci dai sai ya kifa hularsa a juye har a sake zagaye. Daga nan ya faɗa sauraron wasu shirye-shiryen Turawa a waya, inda ƙarti ke zama awa biyu suna hira kan wata irin karta tasu da suke kira foka. Rabin Turancin yake ji, rabin ya cike da kansa. Ya dame ni da turo mini su, wai in saurara in ƙaru. Kafin a jima ya buɗe nasa shirin da Hausa, yana ɗauka da waya yana watsawa duk Juma'a a WhatsApp. Yana koya wa mutane yadda ake karanta fuskar abokin wasa: wai mai ƙarya yakan haɗiye yawu, yakan cika bayani, yakan kafe ka da ido fiye da kima. Na yi masa dariya har na gaji. Mutane kuwa suka so abin, har 'yan ci-rani a Ibadan suna jiran Juma'a.

A ƙarshen kowane shiri yakan sa waƙa ɗaya ta mawaƙin da ba a sani ba, ya faɗi sunansa. Wurina yake karɓarsu, kuma da farko da murna nake ba shi. Sai na lura ba ya ambaton inda ya samo. Na ce taubashi ne, bari in yi shiru. Sannan direbobi suka fara zuwa rumfata suna cewa in tura musu wadda Zayyanu ya sa. Wadda Zayyanu ya sa! Waƙar da na hau babur cikin rana na je na ɗauko. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Husaini mai gurmi. Ni na tsinto Husaini yana kiɗa wa masu sussuka, ba wanda ke kallonsa. Da shirin Zayyanu ya ɗaga shi, sai ya yi sabuwar waƙa ta minti goma sha ɗaya yana wasa Zayyanu, da mahaifinsa, da keken ɗinkinsa. Na saurare ta sau uku ina neman sunana. Babu. Kishi ne, ban ɓoye ba. Ya cika mini zuciya.

Cikin wannan hali na gamu da Arzika. Suna aka yi a ƙauyen Mandera, na je. Ana can ana ta hayaniya a ƙofar gida, ni kuma kunnena ya jiyo kukuma daga bayan danga. Na zagaya na iske wani dogon mutum, zai girme ni da shekara biyar, zaune gindin darbejiya yana goga wa mutum huɗu. Manomin albasa ne, hannunsa duk ya faffashe. Waƙar da yake yi ta wani jaki ce. Mutanen gidan sun tashi sun koma sabon gida, amma jakin kullum in an taso daga fadama sai ya tsaya a ƙofar tsohon kangon, a yi ta dukansa ba ya motsi. Ba wani abu a waƙar sai wannan. Amma ina tsaye na tuna gidan kakana da ya rushe. Na roƙe shi ya sake, na ɗauka. Har kukan wata akuya ya shiga ciki.

Da muka gama ya raka ni bakin hanya, yana riƙe da kukumar kamar jariri.

"Malam Badaru, an ce kai ka sa a san mutum," in ji shi. "Shekara sha biyar ina abin ga, ko sau ɗaya ba a kira ni biki don ni ba. Ƙanena shina Ibadan, shina ta kira in tai mu yi sana'ar albasa. Nic ce mai shi ba ni lokaci zuwa cirar albasar bana. In anka kira ni ko wuri guda na, in zauna. In ba a kira ba, in sai da kukuma in tahi."

Na dafa kafaɗarsa na ce ya kwantar da hankalinsa, ya zo hannu. Har ga Allah a lokacin da gaske nake.

A kan hanyar komawa ne Zayyanu ya faɗo mini a rai. Na hango shi yana gyara murya yana cewa ga wani sabon mawaƙi da ya binciko. Na hango Arzika nan da wata uku yana wasa keken ɗinki. Kafin in iso Bodinga na gama yanke shawara: wannan nawa ne. Zan buɗe shirina, ni ma ina da baki, kuma da Arzika zan fara. Kafin nan waƙar ta shiga gyara ta yi yawo, mutane su kamu, amma ba suna. Na buɗe kwamfuta na goge sunan Arzika Mandera daga jikin waƙar, na rubuta lamba bakwai.

Cikin mako biyu lamba bakwai ta cika hanya. Masu keke napep na sa ta, masu shayi na sa ta. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya saurara, lokaci na zuwa. Shirin nawa kuwa ya ƙi zuwa. Na shiga ɗaki na ɗauki muryata sau ya fi ashirin, in na saurara sai in ji kamar mai sanarwar cigiya. In goge, in ce gobe.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Zayyanu a rumfata, ya zo sayen zare ya biyo. Ya zauna kan bencina ba sallama mai kyau, ya ɗauke ruwan da nake sha ya shanye.

"Sarkin kunne, ka san abin da ya kawo ni. Wa ad da waƙar jakin ga?"

Nan fa shirye-shiryen da ya yi ta turo mini suka yi rana, don na saurare su a ɓoye, nasa da na Turawan duka. Na san abin da yake nema a fuskata. Ban haɗiye yawu ba. Ban kafe shi da ido ba, ban kuma kawar da kai ba. Na ci gaba da warware wata wayar caji da ta harɗe, na amsa a taƙaice kamar abin bai dame ni ba.

"Wani tsoho na, Jaɗi na Ƙwanni. Ya rasu."

Ban san inda sunan ya fito ba. Na dai zaɓi Ƙwanni don tana ƙetaren iyaka, na zaɓi mutuwa don ba a zuwa neman mamaci. Zayyanu ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake yi wa abokan kartarsa.

"Yaushe yar rasu?"

"An daɗe. Wurin wani direban Nijar nis samo ta."

Ya cire hula ya shafa kai. "Allah shi jiƙan shi. Wanga da ya yi rai da an ji shi."

Da ya tafi na yi dariya ni kaɗai har mai faci ya leƙo. Na ci malamin karanta fuska a wasansa, a kan bencina. Rabon da in ji daɗi irin na ranar na manta.

Abin da ban lissafa ba shi ne Juma'a. Na ɗauka in ya ji mamaci ne zai haƙura. Ina, sai ya ba waƙar rabin shirin. Ya sa ta, sannan ya ce wannan muryar marigayi Jaɗi na Ƙwanni ce, wanda ya mutu duniya ba ta san shi ba, kowa ya sa shi a addu'a. Kuma a karon farko tun da ya fara shirin, ya ce taubashinsa Badaru na Bodinga ne ya adana ta, a gode masa. Ranar da ya ambaci sunana ke nan, a kan ƙaryata.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Mutane suka yi ta turawa da hoton wani tsoho da ban san inda suka samo ba. Wani ya ce ya taɓa ganin Jaɗi a kasuwar Illela. Wani ya ce makaho ne. Ni kuwa rumfata ta cika, ana zuwa ana gaishe ni, ana tambaya ko akwai sauran waƙoƙin marigayi. Abin da na yi shekaru ina so ya samu, kuma kullum in na rufe rumfa sai in ji kamar na ci abincin da ya kwana. Na ce gobe zan je Mandera. Goben ta yi ta zama gobe, albasa kuma tana ta kwantar da ganye a fadama.

Akwai ranar da Allah ya ba ni ƙofa na ƙi shiga. Wani dillalin albasa daga Shagari, dattijo mai kamala, ya tsaya da motarsa a bakin rumfata. Ya ce zai aurar da ɗansa, ya so a ce mai waƙar jakin nan ne zai yi kiɗa, ko nawa ne.

"Ɗana, da gaske ya rasu? Ba shi da ɗiya ko almajiri da ya gaje shi?"

Direbobi shida na zaune suna kallon bakina. Kalma ɗaya ce tsakanin Arzika da zaman gida. Na duba fuskokinsu, na tuna yadda suke kirana yanzu, na tuna dariyar da za a yi mini har Shagari, Zayyanu a gaba.

"Bai bar kowa ba, Baba," na ce.

Dattijon ya yi wa mamacin addu'a, muka shafa. Ni ma na shafa.

Bayan kamar mako uku Ɗanliti, direban da ke bin layin Shagari, ya shigo yana dariya tun daga nesa. Ya ce ya ɗauko wani mahaukaci daga mahaɗar Mandera. Yana sa waƙar marigayi, fasinja na cewa Allah ya jiƙansa, sai wani dogo daga kujerar baya ya ce waƙarsa ce, shi ne ke yi.

"Munka ce to rera mu ji. Ya buɗe baki, mota na tsalle, murya na rawa, ba kukuma. Mata sunka hwashe da dariya. Wata tsohuwa tac ce mai shi ji tsoron Allah, shi bar mamaci shi kwanta. Ni kau nic ce mai Badaru da bakinai yac ce mai waƙag ga ya rasu, kai wa kake?"

"Mi yac ce?"

"Bai ƙara cewa komi ba har munka iso."

Washegari da safe na rufe rumfa na hau mota zuwa Shagari. Na iske Zayyanu a kan keke yana ɗinkin wata riga. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba, har da Husaini da waƙarsa ta minti goma sha ɗaya. Na shirya wa zagi, na shirya wa dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsayar da keken, ya ɗago ya dube ni.

"Da ka ce mani sunanka kaka so, Badaru. Da kullum sai in hwaɗe shi. Ni na aza ba ka so a san kana bin ƙauyuka da waya."

Na zauna a bakin shagon. Tun muna yara muke zagin juna, ranar ce ta farko da ya yi mini magana ba wasa a ciki, kuma ta fi zagin ciwo.

Ba mu jira Juma'a ba. Nan take ya ɗauki muryata ina cewa ƙarya na yi, babu wani Jaɗi, mai waƙar yana raye a Mandera, sunansa Arzika. Muka watsa. Kafin azahar amsoshi suka fara shigowa, muna saurare ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce an ga waƙa ta yi kasuwa ana so a sace ta a ba wani. Wani ya ce shi kakansa abokin Jaɗi ne. Wata ta ce ko ma dai yaya ne, ita muryar mamaci take ji a ciki. Mutane sun riga sun yi wa mutum addu'a, sun zubar masa da hawaye, ba sa son a ce musu sun yi wa iska. Dillalin albasa kuwa an riga an sha bikin ɗansa da wasu makaɗa daga birni. Zayyanu ya ce abu ɗaya ya rage, mu kawo Arzika da kukumarsa a ɗauke shi a bidiyo yana yi, kowa ya gani. Muka sa ranar Asabar.

Ranar Juma'a da safe ina jera wayoyi a kan allon caji sai inuwa ta rufe mini haske. Arzika ne, da jakar buhu a kafaɗa, sanye da rigar da ake ajiyewa don tafiya. Ya yi sallama ya gaishe ni da kyau, har da tambayar iyali. Na miƙe, na fara ba shi haƙuri, na ce gobe za mu zo da Zayyanu, ya ɗauko kukuma kawai, komai zai gyaru.

"Na sai da ta, Malam Badaru. Shekaranjiya, wani Bafillace yas saye. An cire albasa." Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Na ce za mu nemo wata, yau ɗin nan, ni zan saya. Ya girgiza kai. Ya ce ƙanensa ya riga ya kama masa wuri, motar albasar da zai bi tana lodi a bakin kasuwa. Ya laluba aljihu ya fito da memori a naɗe cikin takarda.

"Abin da ya kawo ni, ba ni da waƙag ga. Ni ban taɓa jin ta da kyau ba sai cikin mota. Ka sa mani in tai da ita."

Na karɓa. Na sa memorin a kwamfuta. Na nemo lamba bakwai, na tura, na danna wurin canja suna. Na ce masa daga yau duk wanda na tura wa, da sunansa za ta tafi, kuma duk memorin da ya dawo hannuna sai na gyara. Na fara rubutawa, ina karanta masa da ƙarfi don ya ji: Arzika, sai Mandera.

Ya sunkuyo yana kallon allon kwamfutar, ko da yake boko bai dame shi ba. Sannan ya ɗora faffasasshen hannunsa a kan nawa ya tsayar da ni.

"Wane suna anka ce? Na wancan."

"Jaɗi," na ce, da ƙyar.

"To bar mai abinai. Shi ko addu'a ana yi mai. Ni shekara sha biyar, ba wanda yat taɓa ce mani sannu."

Ya naɗe memorin cikin takardarsa, ya tambaye ni abin da zai biya. Na ce ya bar shi. Ya yi mini godiya, ya gyara jakarsa ya nufi bakin kasuwa. Ɗanliti na lodin fasinja a ƙofar tasha da waƙar a kunne, Arzika ya bi ta gefen motar ya wuce, ba wanda ya ɗaga kai.